Akwatin mamaci da kuɗin fatake: yadda uwargida ta riƙe masaukin goro a Agege, 1930 zuwa 1945

A zangon Agege na zamanin Turawa, idan mai masaukin fatake ya rasu, kafin a yi sadakar uku labari ya bi waya ya isa Kano. Duk falken da ya aiko da kuɗin sayen goro tambaya ɗaya ce a bakinsa: kuɗina suna hannun wa? Amsar da zai samu a makonnin farko ita ke nuna ko gidan zai ci gaba da karɓar baƙi, ko kuwa zaurensa zai zama wurin kwanan awaki.

Gidan da za mu duba a nan na misali ne, kuma alƙaluman kuɗinsa an sa su ne don lissafi ya fito fili. Shekaru, wurare, dokoki da hukuncin gado kuwa yadda suke a tarihi da fiƙihu haka aka kawo su. Maigidan ya rasu a ƙarshen 1930, ana tsakiyar kakar goro. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa a can Arewa, da 'ya'ya bakwai: maza 3, mata 4, babbansu yana da shekara 11. Biyar na uwargida ne, namiji ɗaya da mace ɗaya na amarya.

Sai an san abin da Agege take a lokacin kafin a gane nauyin da ya faɗo wa matar nan. Da, goro daga Gwanja yake zuwa ƙasar Hausa a bayan jakuna, tafiyar watanni. Daga baya aka koma ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi a 1912, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki, nisan kusan mil 700. Manoman Agege, Ota, Ifo da kewaye suka dasa irin goron Gwanja, wanda Yarabawa har yau ke kira gbanja, suka bambanta shi da nasu na gargajiya da Bahaushe bai cika so ba. Reshen dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kasuwa ta ƙara faɗi. Amma shekarar 1930 ɗin ita ce kuma tsakiyar karayar tattalin arziki ta duniya: gyaɗa da auduga sun faɗi, manomin Arewa ba shi da na sayen goro kamar da.

Aikin mai masauki shi ne ya tsaya tsakanin falken Arewa da ba ya jin Yarabanci da mai goro da ba ta san shi ba. Yana ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tura yaransa ƙauyuka su sayo, ya sa a tsince a ɗaure, ya kai tasha, ya ci la'ada. Sau da yawa falken ba ya ma zuwa, kuɗi kawai yake aikowa. Saboda haka babban jarin gidan suna ne, kuma suna ba ya cikin abin da malamin gado ke rabawa.

Buɗe akwati

Kuskuren da ke rusa irin wannan gida a rana ɗaya shi ne a ɗauka duk abin da ke cikin akwatin mamaci nasa ne. Uwargida ta hana a taɓa mabuɗi sai da liman, da wakilin Sarkin Hausawa, da malamin da ke rubuta wa mijinta lissafi da ajami, da baƙi biyu daga cikin fataken da ke kwana a gidan suka hallara. Sa fataken cikin shaidu dabara ce mai kyau, domin su ne za su koma Arewa da labarin abin da idonsu ya gani.

An ƙirga tsabar kuɗi fam 310. A ma'aji akwai goro da aka yi wa kuɗi fam 60. Bashin da mamaci ke bi a Kano da Gusau ya kai fam 90 a takarda, amma abin da ya dawo hannu bayan wata huɗu fam 50 ne, sauran ya bi ruwa da karayar kasuwa. Ginin gidan, ban da ƙasar da yake kai, an yi masa kuɗi fam 120. Jimla fam 540. Wanda ya ji wannan adadi a zaure zai ce marigayi ya bar dukiya.

Daga nan aka fara cirewa. Fam 185 kuɗin fatake ne da aka aiko don sayen kaya. Wannan amana ce, ba ta shiga gado ko kaɗan, ba a ma lissafa ta cikin bashi, mayar da ita ake yi ga masu ita kamar yadda ake mayar da akuyar maƙwabci da ta shigo gida. Saura 355. Likkafani, haƙar kabari da sauran hidimar jana'iza fam 5. Sai bashi, fam 80: na matan Yarabawa da suka ba da goro ba a biya su ba fam 35, na 'yan ɗauri da 'yan dako da kuɗin ƙasa na shekara fam 15, ragowar sadakin amarya fam 5, sai fam 25 da uwargida da kanta ta ranta wa mijinta daga cinikin tuwo da ƙosai da take yi a cikin gida. Saura 270. Mamaci ya yi wasiyyar fam 30 ga masallacin unguwa, kuma tunda bai kai sulusi ba, wato fam 90, an zartar. Abin da ya rage wa magada fam 240.

A dubi wannan da kyau. Cikin fam 310 da aka gani a akwati, fam 10 kacal ya zama na magada. Sauran gadonsu gini ne, da goro mai iya lalacewa, da bashin da ke hannun mutane. Da an raba tsabar nan ranar sadakar bakwai, kamar yadda dangi kan matsa a yi, da an ci dukiyar fatake, an bar marayu da ƙara a kansu.

Fam 25 ɗin uwargida ma abin tsayawa ne a kai. A Musulunci dukiyar mace tata ce, aure bai haɗa ta da ta miji ba, kuma abin da ta ranta masa bashi ne da ake biya kafin gado. Mata da yawa sukan ji kunyar faɗa a gaban dangin miji, kada a ce tun ba a share makoki ba tana lissafi. Wannan kunya ba ta da amfani ga kowa. Ita ta faɗa, malamin lissafi ya nuno shafin da mijin ya sa aka rubuta, aka ware mata.

Rabon kansa ba shi da wuya. Mata biyu suna tarayya a tumuni saboda akwai 'ya'ya: fam 30, kowacce 15. Mahaifiya tana da sudusi, fam 40. Ragowar fam 170 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu: kowane namiji fam 34, kowace mace fam 17. Wuyar tana wajen biya. An sallami mahaifiya da amarya da tsaba, fam 55, daga abin da aka samu na goro da bashi. Abin da ya rage a haɗe shi ne gini na fam 120 da kuɗi fam 65, wato kaso 185: goma sha biyar na uwargida, sauran na yara. Da ta ɗora nata fam 25, jarin da gidan zai juya ya zama fam 90.

Waye ke da iko a kan dukiyar marayu

Nan ne lamarin ya rataya. A mazhabar Malikiyya reno haƙƙin uwa ne, amma riƙon dukiyar yaro ba ya zuwa hannunta don kawai ita ta haife shi. Na uba ne, sai wanda uban ya bar wa wasicci, sai alƙali. Kuma ya halatta uba ya bar wa mace wasiccin 'ya'yansa. Maigidan nan, da ciwo ya tsananta, ya kira liman da mutum biyu ya ce ya bar wa uwargida. Wannan magana ta 'yan daƙiƙu ita ta tsare gidan shekara goma sha biyar.

Dalili kuwa, a lokacin a Legas da kewayenta babu kotun alƙali irin ta Kano ko Zariya. Rigimar gadon Bahaushe a zango gaban Sarkin Hausawa da malamai take ƙarewa, da sulhu da ganin girman juna. In ta ƙi ƙarewa ta tafi kotun Turawa, can shari'ar Musulunci ana ɗaukar ta ne a matsayin al'adar mutanen ƙasa, sai an kawo masu ba da shaida a kan abin da ta ce, ga kuɗin lauya, ga ɗage zama. Gadon fam 240 ba ya jure wannan.

Bayan sadakar arba'in ƙanin mamaci ya sauka daga jirgi. Maganar da irinsa kan zo da ita sananniya ce: "Yaya, ke mace ce, ga ki cikin takaba, ki ba ni mabuɗi in riƙe wa yaran nan." A hukunci ba shi da ko anini, domin ɗa namiji yana kange ɗan'uwan mamaci daga gado, kuma wasicci yana hannun wata. Amma korarsa da hujja kawai zai jawo gaba da dangin uba, waɗanda yaran za su buƙata ranar aure. Ta amsa masa da girmamawa, tana kiransa Baffan yara, ta sa liman ya karanta masa wasiyyar, sannan ta ba shi aiki: ya zama mai karɓar kayan gidan a tashar Kano bisa ƙiradi, wato a ba shi jari ya juya, sulusin riba nasa.

Ƙiradi yana da ƙa'idojin da in an tsallake su yake ɓaci. Jari tsaba ne, rabon mai juyawa kaso ne na riba kamar rabi ko sulusi, ba a yanka masa adadi tsayayye, hasara kuwa ta mai jari ce sai in mai juyawa ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Don haka kuɗi ta aika masa da sunan jari, shi ya yi odar goro daga gidan kamar kowane falke. Kuma fam 15 ta fara ba shi, daga nata. A kaka ta biyu ya ba da goro bashi ga abokansa duk da an hana shi, fam 6 ya maƙale. Tunda kuɗinta ne, ta yafe, ta rage abin da ke zuwa hannunsa. Da na marayu ne, ba ta da ikon yafewa.

Mulki daga bayan zaure

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma a nan ta cinye sauran kakar gaba ɗaya. Ko bayan ta fita, matar babban mai masauki a zango ba ta zama a zaure cikin baƙi maza. Wannan bai zama abin mamaki ga maƙwabta Yarabawa ta fuskar riƙon dukiya ba, sai ta fuskar ɓoyuwa kawai. Ikko gari ne da ya san Madam Tinubu, wadda ta yi ƙarfi a ciniki da siyasa har aka fitar da ita daga garin a 1856, ta rasu a Abeokuta a 1887. Tun kafin 1910, a shari'ar Lewis da Bankole, kotun Legas ta karɓi cewa a al'adar garin mace na iya zama shugabar gida mai kula da dukiyar zuriya. Saboda haka masu goro da masu ƙasa ba su ga aibin hulɗa da mace ba. Matsalar tana cikin zango.

Tsarin da ta kafa ƙafa uku gare shi. Babban cikin yaran da ke yi wa mijinta aiki ya zama wakili a zaure: shi ke tarbar baƙi, shi ke zuwa tasha. Malamin lissafi shi ke rubutu, ba ya taɓa kuɗi. Mabuɗin akwati yana ƙugunta. Wanda ke riƙe kuɗi ba shi ke rubutawa ba, wanda ke rubutawa ba shi ke sayowa ba. Kullum bayan lisha su biyun sukan tsaya a bakin ƙofar shigifa, ita tana ciki, malam ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ita kuma tana ja da gawayi a jikin bango, layi ɗaya ƙwarya ɗaya, wato goro 100. Babban ɗanta yana zaune da fitila yana ji. Yaran gida masu talla su ne idonta a waje: yarinyar da ta kai ƙosai tasha da safe za ta dawo da labarin huhu nawa aka loda da sunan gidan, ba tare da ta san bincike aka aike ta ba.

Kuɗi kuma ta raba su jaka huɗu, kowace da zaren ɗauri mai launi daban: na fatake, na marayu, nata, da na cefane. Na fatake kowane mutum da ƙullinsa da sunansa a takarda. Jarabar da ke kama masu masauki ita ce su juya kuɗin wannan baƙo su sayi kayan wancan, da niyyar mayarwa in jirgi ya dawo. Yakan yi tafiya lafiya shekaru, sai ranar da mutum uku suka nemi nasu lokaci guda. A 1930 ɗin nan wani bankin 'yan ƙasa da aka buɗe a Legas shekara guda kafin nan ya rushe da kuɗin mutane, kowa a tsorace yake. Falken da ya zo ya ce a ba shi nasa, aka miƙo masa ƙullinsa yadda ya aiko shi, shi ne ya koma ya aiko da ninki a kaka mai zuwa.

La'ada ita ce abincin gidan. A ce sisi a kan kowane fam: in goron fam 1,200 ya bi ta gidan a kaka, an samu fam 30. Daga ciki za a ciyar da baƙi, a sallami yara, a gyara rufi. Tunda ginin na masu kaso 185 ne, ta sa ana yi masa kuɗin haya a lissafi kowace shekara, a raba bisa kason kowa, har da 'ya'yan amarya biyu masu fam 51, waɗanda suka bi uwarsu. Abincin marayu ba ta ware tukunya ba, Alƙur'ani ya sauƙaƙa cuɗanya da su a aya ta 220 ta Baƙara, amma tufafi, magani da kuɗin makarantar allo na kowane yaro a shafinsa ake rubutawa. Barin kuɗinsu a kwance ma ba daidai ba ne, tunda a Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar yaro, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar umarnin a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta.

Goro ba ya jira

Duk wannan tsari banza ne in kaya suna isa Kano a lalace, kuma a nan ne mace mai kulle ta fi maza dama, domin ma'ajin yana cikin gida.

Babbar kaka tana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, da 'yar ƙarama a tsakiyar damina. Matan Yarabawa su ke fasa kwanso, su jiƙa 'ya'yan ko su tara su har farar fatar ta ruɓe, su murje, su wanke. Goron da aka wanke yau ba ya shiga huhu yau. Sai an zuba shi a kwando marar shimfiɗa, an rufa masa ganye sama-sama, ya yi 'yan kwanaki yana fitar da gumi ana juya shi. Yaron da ke gaggawar kama jirgi ya ɗaure shi da ruwansa, zafi ya taso a tsakiyar huhu, kafin Minna ya fara baƙi.

Bayan ya tsane sai tsinta, kuma wannan aikin hannu ne, ɗaya bayan ɗaya. A ware fari da ja. A ware girma: goriya daban, marsa daban, minu daban, domin huhun da aka cakuɗa kuɗin ƙaramin ake ba shi. A fitar da mai tabo, da wanda wuƙa ta yanka wajen fasa kwanso, da wanda ya tsage. Abin da ake tsoro shi ne sankara. Ƙwaron yakan yi ƙwai tun a gona, musamman a kwanson da ya faɗi ƙasa ya daɗe, tsutsar tana ci daga ciki, waje yana nan sumul. Alamar ɗan ɗigo ne kamar bakin allura, ko ɗan gari mai ruwan ƙasa a gindin kwando. Mai tsinta takan juya goron a tafin hannu ta fuskar haske, ta ɗan matsa shi da babban yatsa. Guda ɗaya da ya tsere ya isa ya ɓata maƙwabtansa.

Ɗauri da ganyen fita ake yi, mai faɗi, ɗanye, ba jiƙaƙƙe ba. A shimfiɗa shi ya hau kan juna yadda iska ba za ta ratsa ba, a zuba goro a ƙirge, a rufe, a naɗe da tsumma ko buhu, a ɗaure da igiya tam yadda ba zai yi motsi ya gurje ba. A ce huhu ɗaya ƙwarya 20, goro 2,000: adadin da alamar mai kaya a jiki ake rubutawa, a kuma rubuta a littafi, a riƙe rasit na tasha. Abokan gaba biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Laima ta yi yawa ya yi fumfuna, ta yi kaɗan ya yanƙwane. Kayan da ya tashi daga damshin Agege a watan Disamba yana shiga hunturu ne daga Jebba zuwa sama, don haka huhun lokacin sanyi ana ninka masa ganye, a kuma roƙi ma'aikatan tasha kada a ajiye shi jikin bangon tarago da rana ke duka.

Riba mai kauri tana wajen daushe, goron da aka adana har ya kwana biyu, ya yi daɗi, ya yi tsada bayan kaka ta wuce. Adana shi aiki ne na haƙuri: kwando mai shimfiɗar ganye a ɗaki mai sanyi, a buɗe kowane mako a farko, daga baya a riƙa tazara, a sake ganye, a tsince wanda ya kamu, a karye tsiron da ya fara fitowa. Uwargida ta mai da wannan sana'arta da 'ya'yanta mata. Amma ta sa wa kanta iyaka: ba ta zuba fiye da sulusin kuɗin marayu a daushe, domin ɗaki guda na iya tafiya a wata ɗaya in sankara ta shiga.

Ƙasar da gidan ke kai

Wannan ita ce barakar da ta fi kowace haɗari, kuma mijin ne ya bar ta. A lokacin ƙasar Agege ta zuriyoyin Awori ce, wani reshe na Yarabawa, baƙo yana zama ne da izininsu, yana biyan abin shekara da suke kira ishakole. A al'adar Yarabawa ƙasa ta zuriya ce gaba ɗaya, shugaban gida mai riƙo ne kawai, kuma shari'ar Amodu Tijani, Cif Oluwa, a kan ƙasar Apapa, wadda aka yanke a Landan a 1921, ta ƙarfafa wannan fahimta a kotunan Turawa. Mai zama bisa ishakole ba a tashinsa muddin yana biya, amma zai iya rasa wurin in ya musa cewa ƙasar tasu ce, ko ya sayar ba da saninsu ba.

Takardar da mijin ya bari rasit ne da mutum ɗaya daga zuriyar ya dangwala wa yatsa. Bayan 'yan shekaru wani reshe na zuriyar ya zo ya ce bai san da zancen ba. Mashawarta a zaure suka ce ta tsaya a kan cewa mijinta saye ya yi. Da ta bi wannan, da ta faɗa ramin da ake rasa gida a cikinsa, domin cinikin ƙasar zuriya ba ya tsayawa sai da shugaban gida da manyan 'ya'yanta, kuma musun mallakarsu shi ne babban laifin ɗan haya. Abin da ta yi shi ne ta aika wakili da dattijon zango wurin shugaban zuriyar da goro da kuɗin shekara, aka amsa cewa ƙasa tasu ce, gini na marayu. Sannan ta kashe kuɗi aka kawo safiyo ya auna, aka rubuta sabuwar yarjejeniya da sunan yaran bakwai da nata, shugaban da manyan kowane reshe suka sa hannu. Dokar rajistar takardun ƙasa ta 1924 ta ce takardar da ba a yi wa rajista ba kotu ba ta karɓar ta a matsayin hujjar mallaka, kuma in mai bayarwa bai iya karatu ba sai an yi sa hannun a gaban majistare ko makamancinsa. An bi duka. Kuɗin ya cinye ribar kusan kaka guda, kuma shi ne kuɗi mafi amfani da gidan ya taɓa kashewa.

Shekarun yaƙin duniya na biyu sun zo da nasu. Kayan soja da na fitarwa waje suka rinjayi taragu, huhu yakan kwana a tasha yana jira. A 1941 gwamnati ta kafa tsarin ƙayyade farashin abinci a Legas ƙarƙashin Kyaftin Pullen, wanda Alimotu Pelewura da ƙungiyar matan kasuwa suka yi ta yaƙa, abinci ya koma bayan fage da tsada, ciyar da baƙi ya zama nauyi. Ta rage yawan baƙin da ke kwana, ta ƙarfafa masu aiko da kuɗi daga nesa. A watan Yuni na 1945 ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari na kwana 44, jirgi ya tsaya cik. Da yake ba lokacin babbar kaka ba ne, abin da ya rutsa da shi daushe ne da ɗan goron damina. Huhunan da aka riga aka kai tasha ta sa aka dawo da su gida, aka kwance, aka mayar cikin kwanduna.

Miƙa wa masu shi

Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu, in an ga hankalin riƙo a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu. Ba ta jira ta sallame su rana ɗaya ba. Babban ɗan, tun yana ɗan shekara 16, aka fara ba shi fam 2 ya sayo goro a Ifo ya kawo lissafi, sannan fam 5, sannan ya raka kaya har Kano. Da ya kai ashirin aka karanta masa shafinsa gaban liman, ya karɓi zaure daga hannun wakili, wakilin kuma aka ba shi jari ya buɗe nasa, don kada ya fita da baƙin gidan cikin fushi.

Wajen 'ya'ya mata ne ake yawan zalunci ba a sani ba. Akan sayi tasoshi da gado da katifa da kason yarinya, a yi gara da shi, a ciyar da 'yan biki, sannan a ce ai an kashe mata a aure. Abin da aka saya ya shiga ɗakinta nata ne, ana rubuta shi da kuɗinsa. Abin da 'yan biki suka ci ba ya hawa kanta. Kowace daga cikin huɗun ta fita da kayan ɗakinta a rubuce, da ragowar tsabarta, da kasonta na 17 cikin 185 a ginin, wanda ake aika mata hayarsa duk shekara. Da mijin ɗayarsu ya matsa a sayar da kason ga wani baƙo, 'yan'uwanta suka yi amfani da haƙƙin shufa'a, wato fifikon abokin tarayya a gidan da ba a raba ba, suka biya kuɗin da baƙon ya taya, gida ya zauna a hannun zuriya.

Na ƙarshe da aka sallama shi ne ɗan amarya, wanda yake goye lokacin rasuwar, ya kuma tashi a wani gari tare da dangin uwarsa. A ƙarshen 1945 ya zo Agege da kawunsa. Malamin lissafi, wanda ido ya fara gaza masa, ya sa babban ɗan ya karanta shafin: asalin kaso fam 34, hayar gini ta shekara goma sha biyar, ribar daushe, ban da abin da aka aika na tufafi da magani da zakkar da aka fitar. Tunda yaron bai gama mallakar hankalin riƙo ba, aka ƙirga kuɗin gaban shaidu, aka mayar cikin jakarsa, aka ba shi fam 2 ya tafi Ifo da jirgin safe.